Kiɗan Da Ya Jira Yayana

Zaman Amurka ya sa na manta abubuwa da dama. Na manta lambar gidan da na fara sauka, na manta fuskokin rabin matan da na yi wa kitso, har ɗan Faransancin da na koya a lakol, makarantar bokonmu ta Nijar, ya fara zubewa. Amma ranar liyafar auren ɗiyar yayana a Greensboro, wannan kam ko tsufa ya wawashe mini tunani ina jin ita ce za ta rage. Har yau in na ji ana kaɗa piyano a talabijin sai in ajiye abin da ke hannuna, gabana ya shiga faɗuwa kamar yanzu abin yake faruwa.

Mu mutanen Maraɗi ne. Yayana shi ya fara zuwa, yana tuƙin tasi, daga baya ya ɗauko iyalinsa, ni kuma na biyo su na buɗe ɗan shagon kitso. Yarinyar da nake magana a kanta ita ce 'yarsa ta fari. Tana ƙarama aka kawo ta, a nan ta yi makaranta, Hausarta ma in zance ya yi tsawo sai ta karkata ta koma Turanci. Tunda kuma 'yar fari ce, kun san yadda abin yake a wurinmu, tawa ce. Ni nake yi mata kitson salla, ni nake zuwa makarantarsu in an kira iyaye, ni take kawo wa ƙara da kuka. Uwarta takan ɗan saki jiki da ita in babu idon mutane. Amma Yaya, tun ranar suna bai taɓa kama sunanta a bakinsa ba. In zai yi maganarta sai ya ce mini "ɗiyarki," in kuma dole ta sa zai kira ta sai ya ce "ke," yana kallon wani wuri daban.

A gida babu wanda zai ga abin mamaki a nan, yabon kunyarsa ma za a yi. To amma yarinya ta tashi cikin ƙawayen da iyayensu maza ke rungume su a bakin makaranta suna kiran su da sunayen gata. Ita a ganinta babanta ba ya son ta ne kawai, ƙannenta yake so, tunda su yana kiran sunansu har da wasa da dariya. Na yi bayani har bakina ya gaji. Ranar da ta gama karatun nas aka yi bikin ba da shaida, kujerar da ta tanadar masa kusa da ni haka ta wuni babu kowa. Ni kuwa na gan shi da idona, tsaye can baya kusa da ƙofa, sai da aka kira ta ta karɓi takardarta sannan ya sulale ya koma bakin aikinsa. Da na faɗa mata sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Gwaggo, ba sai kin yi masa ƙarya ba." Maganar nan ta daɗe tana ci na.

Da Allah ya kawo miji, wani yaro ɗan Kano mai hankali da ke karatu a jami'a, murna kamar ta kashe ni. Ni ce uwar biki, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Wayata mai murfi ba ta hutawa, anko daga gida, leshi daga can, masu girki suna faɗa a kan wa ta fi iya dambu. An tsara ɗaurin aure a masallaci da hantsi, sai liyafa da la'asar a wani ɗakin taro da muka kama a wajen Sedgefield. Bayan biki kuma ango zai tafi da ita wata jiha mai nisa inda ya samu aiki.

Duk abin da na ce yarinyar nan sai ta ce to. Abu ɗaya kawai ta nema, wai ba ta son ta shigo da kiɗan ganga na mai faifai. Akwai wani tsohon kiɗan Turawa, ba shi da waƙa, wanda kusan duk bikin Amurkawa da shi amarya ke shigowa, shi take so, kuma a kaɗa shi da piyano a gaban mutane. Ta sa mini faifan a mota in ji. Na saurara, na saurara, na ce mata wannan ai shi ne kiɗan da ake sa wa mutum in ya kira ofishin inshora aka ce ya jira. Ta yi dariya har da dukan sitiyari, amma ba ta canja ra'ayi ba.

Mai piyano ba ta yi mana wuyar samu ba. Ina da wata kwastoma, dattijuwa baƙar Ba'amurkiya da ke zaune a East Greensboro, ita ke kaɗa piyano a cocinsu, kuma ana ɗaukarta bukukuwa. Shekaru ina yi mata kitso, Mama nake ce mata. Wata Asabar muka je gidanta ni da amarya. Falo cike da hotunan jikoki, ga wata ƙatuwar kyanwa kwance a kan kujera mafi kyau, ta ƙi tashi ta ba baƙi wuri. Mama ta kawo mana shayi, sannan ta yi mana bayani cewa asalin kiɗan nan da irin gogen Turawa aka tsara shi, don haka duk wanda ya mayar da shi piyano da irin salonsa. Sai mun zaɓi wanda muke so. Ta ɗauko takardun kiɗa ta baza, ni dai layuka da ɗige-ɗige kawai nake gani.

Na farko na 'yan koyo ne, kafin in gyara zama ya ƙare. Na biyu kuwa, tab! Yatsun matar nan suka shiga gudu sama da ƙasa, kiɗa yana hawa yana ƙara hawa, har ya zo ya dire da wata irin ƙara da ta sa kofunan shayi rawa. Wallahi ni da na yi masa ba'a a mota sai ga ni ina tafi. Na uku a hankali yake tafiya, babu ado. Hannun hagu yana maimaita 'yan sautuka kaɗan, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar dakan mace ɗaya a tsakar gida, hannun dama kuma yana ɗan ƙara wani abu a kai. Tun bai ƙare ba amarya ta ce na biyun take so, ni ma na ce ai babu wani zance.

Mama ta ce to, amma mu sani na biyun a aune yake. Yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ba a rage shi ba a ja shi, in aka taɓa kowa zai ji. Saboda haka tana son ta san tsawon ɗakin, da yawan ƙawayen da za su shiga gaba, da kuma wanda zai rako amarya daga bakin ƙofa.

Yarinyar nan ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Babana."

Shayi ya sarƙe ni. Na yi ta tari, Mama tana bubbuga mini baya, ita kuwa amarya ta kafe idonta a kan piyano kamar ba ita ta yi maganar ba.

A mota na buɗe mata wuta. Na ce a gida uba ko wurin liyafar ba ya leƙawa, balle uban 'yar fari, balle a ce ya riƙo ta a gaban surukai. Na ce ni ga ni, ga ƙannen babanta, ta zaɓi wanda take so. Ta bar ni na gama sababina tas. Ita da kullum da Turanci take ba ni amsa, ran nan sai ta tattaro Hausarta, tana ɗauko kalma ɗaya-ɗaya.

"Gwaggo, ban taɓa roƙonsa komai ba. Zan tsaya a bakin ƙofa. In ya zo, ya zo. In bai zo ba, na san matsayina, ba zan sake tambaya ba."

Jikina ya yi sanyi. Na san ta, in ta ce ba za ta sake tambaya ba to ta gama ke nan. Za ta bi mijinta can nesa da wannan abu a ranta, gaisuwar salla ce kawai za ta rage tsakaninta da uban da ya haife ta.

Washegari na tafi McLeansville, inda Yaya ya sayi ɗan gida mai fili yana shuka kuɓewa da yakuwa. Na same shi yana wanke tasi. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi aiki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba. Ƙofa ɗaya ya yi ta gogewa har na fara tausayin fentin.

"Ke ma kin zama Ba'amurkiya?" in ji shi. "In riƙo 'yar fari a gaban jama'a, a ɗauka a bidiyo a kai Maraɗi?"

Ni kuma bakina ba ya shawara da ni in raina ya ɓaci. Na ce masa mutanen Maraɗi za su yi surutunsu su gaji su kama na wani, amma ba su ne za su rasa ɗiya ba. Na ce yarinyar nan har yau ba ta yarda ya je bikin gama makarantarta ba. Nan ne hannunsa ya tsaya. Ruwa yana ta zuba daga tiyo a ƙasa. Daga ƙarshe ya ce zai zo wurin liyafar saboda baƙin da suka taso daga nesa, amma kada in ɗora masa alkawarin da bai ɗauka ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya juya ya ci gaba da wankinsa.

A hanyar komawa na yi ta juya maganar. Na san yayana tun ina goye. Mutum ne mai nauyin ƙafa. In ka matsa masa sai ya ƙame, in ka ƙyale shi ya gama gardama da zuciyarsa, yakan zo da kansa, sai dai a makare. Motar da yake tuƙawa ma sai da ya kusa gajiyar da mai sayarwa kafin ya saya. Sai kawai na tuna kiɗan da muka zaɓa, gabana ya yanke ya faɗi. Kiɗan nan mai gudu zai hau ya dire tun Yaya bai gama shawara ba. Ɗaki zai yi tsit, amarya tana tsaye a bakin ƙofa ita kaɗai, kowa yana kallo. Ban wuce gida ba, na karya kan mota sai gidan Mama.

Da guntun Turancina na kitso na zauna ina yi wa matar nan bayanin kunyar ɗan fari. Na ce a wurinmu wani lokaci yawan so ne ke hana uba kallon ɗansa. Na zaci za ta yi mamaki. Sai ta gyaɗa kai ta ce nata uban manomin taba ne, har ya mutu bai taɓa ce mata yana son ta ba, sai dai duk ranar da za ta yi tafiya ya fito ya duba tayoyin motarta. Ta juya ta sake kaɗa mini na ukun nan da muka raina. Ta ce wannan zagaye yake yi, ƙarshensa yana komawa farkonsa, za ta iya riƙe shi iyakar lokacin da ake so babu wanda zai gane. In an ba ta alama sai ta ɗaga shi ta kai shi ƙarshe. Na ce shi ke nan, shi muke so.

Saura alamar. Da na faɗa mata sunan ɗakin taron ashe ta san shi, ta ce piyanonsu a kusurwa yake bayan wani ginshiƙi, daga wurin ba ta hango ƙofa ba ta hango teburan maza. Ɗaga hannu ba zai yi ba, sai abin da za ta ji da kunne. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ina da alamar da ko kurma sai ya ji. Na miƙe a tsakiyar falonta, na kama hancina, na rangaɗa guɗa. Kyanwar nan da ta ƙi ba mu kujera ta yi tsalle ɗaya sai ƙarƙashin tebur. Mama ta dafe ƙirji, sannan ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce in sake. Na sake. Muka ajiye magana cewa da zarar Yaya ya tashi zan yi guɗa, ita kuma ta nufi ƙarshe. Na koma gida ina jin babu mai dabara irina a duk North Carolina.

Amarya ba ta ji daɗin canjin ba. Ta ce na cire mata mai kyau na sa mata na barci. Na ce ta zaɓi miji ta zaɓi riga, wannan ɗayan ta bar wa uwar biki. Da ta matsa sai na ce mata, "Naki yana ƙarewa, nawa yana jira." Ta dube ni, ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar biki aka ɗaura aure lafiya. Mama ta zo a kan lokacin da aka rubuta a kati, ta zauna ita da masu jera kujeru tana jiran mutanenmu su ga dama. Da ɗaki ya cika kuwa, ya cika. Mutanen Nijar, mutanen Najeriya, 'yan Gana, abokan aikin amarya daga asibiti, ƙamshin turare da na shinkafa, yara suna tsere tsakanin tebura. Ango yana zaune can gaba a kujerar da aka ƙawata. Yaya kuma yana cikin Alhazai a teburin maza, da farar shadda, da carbi a hannu, fuskarsa ba ta nuna komai. Ni ina kusa da ƙofa, goggorona ya kusa taɓa fanka, zuciyata tana dukan uku-uku.

Mama ta fara kaɗawa. Ƙawayen amarya suka shigo bibbiyu cikin anko, ana ta kashe su da hoto. Sannan aka buɗe ƙofa duka biyu, sai ga yarinyata cikin farin leshi da mayafi, kyau kamar ka sace ta. Kafin in ƙifta ido ɗaki ya kaure da guɗa. Matan Maraɗi, matan Damagaram, gwaggwannin ango daga Kano, kowace ta kama hancinta. Ni da na ƙarar da rayuwata a gidajen biki, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ba ni kaɗai Allah ya ba hanci da maƙogwaro ba.

Sai na ji kiɗa ya fara hawa. Mama ta ji alamarta, ba ɗaya ba ma, ta nufi ƙarshe. Na dubi Yaya, yana nan zaune daram.

Ban san lokacin da na zubar da takalmana ba. Na ratsa tsakanin tebura da gudu, zani a hannu, goggoro ya karkace, na kusa ture wata Hajiya da farantinta. Na isa bayan ginshiƙin ina haki ina ce mata ba tawa ba ce, ta koma, ta koma. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ba ta ɗaga hannu daga piyano ba, ta lanƙwaso kiɗan a hankali ta sauko da shi ya koma zagayensa, kamar dama haka aka tsara. Ta cikin haƙora ta tambaye ni yadda za ta gane tawa a cikin wannan rundunar. Na ce ba zan gusa daga gefenta ba. Na tsaya nan babu takalmi, ina leƙe ta gefen ginshiƙi, ido ɗaya a ƙofa ido ɗaya a teburin maza.

Guɗa ta lafa. Amarya ba ta motsa ba. Mai gabatarwa ya ɗauki makirufo ya ce amarya bismilla, ya sake faɗa, na yi masa wani kallo ya ajiye abinsa. Kiɗa yana zuwa yana dawowa. Aka fara ƙus-ƙus. Daga baya na ji cewa mutanen Kano sun ɗauka al'adar Nijar ce, mutanen Nijar kuma sun ɗauka ta Kano ce, shi ya sa kowa ya yi shiru don kada ya nuna bai sani ba. Babbar ƙawarta ta koma ta raɗa mata wani abu, ta girgiza kai. Ta cikin mayafi kowa yana iya ganin inda take kallo, a hankali kawuna suka fara juyawa wajen teburin Alhazai.

Yaya ya sunkuyar da kai. Carbin da yake ja ya tsaya cak a hannunsa. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Gumi yana bin wuyan Mama, amma ba ta tsaya ba, sai ma ƙara sassauta kiɗan take yi, har ya zama kamar daga wani ɗaki yake fitowa. Yara ma suka daina gudu. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba, ni dai na san sanyin tayil ya gama ratsa tafin ƙafafuna.

Sai na ga kafaɗun yarinyar nan sun sauka. Ta ɗauke kai daga teburin maza, ta tattare gefen rigarta, ta ɗaga ƙafar dama za ta shigo ita kaɗai. Na ce a raina shi ke nan, mun rasa ta.

Ƙarar jan kujera muka ji. Yaya ya miƙe tsaye, ya kira sunanta. Sunanta na yanka, cikakke, da wata murya a shaƙe da ban san shi da ita ba.

"Tsaya," in ji shi. "Ga ni nan."

Da kiɗan nan mai ƙara muka ɗauka da babu wanda zai ji. Amma ɗakin shiru, piyano can ƙasa-ƙasa, har na ƙarshen ɗaki ya ji. Uwarta da ke zaune a lungu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ratsa jama'a bai kalli kowa ba, ya je ya tsaya a gefenta. Bai kama hannunta ba, wannan kam ya fi ƙarfinsa. Ita ce ta miƙa hannu ta damƙe hannun babbar rigarsa.

Lokacin alamata ya yi. Na kama hanci, na buɗe baki, babu abin da ya fito sai kuka. Na sake gwadawa, sai wata ƙara kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Mama ta ce, "Na ji, 'yar'uwa, na ji," ta ɗaga kiɗan sama. To ashe mutumin da ya sa mu wannan dogon jira, da ya tashi tafiya sauri zai yi kamar ya bar tasi a inda aka hana fakin. Amarya tana bin sa da ɗan gudu, tana kuka tana dariya, Mama kuma tana bin su da kiɗa a guje don ta cim musu. Da suka isa gaban ango ya ce masa, "Ga ta nan, amana ce," ya zare rigarsa a hankali, ya bi ta ƙofar gefe ya fice. Guɗar da ta tashi a lokacin ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Ƙarshen kiɗan da muka sha wahala a kansa babu wanda ya ji shi, har ita mai kaɗawar.

Da abubuwa suka ɗan lafa na nemo takalmana, na zuba abinci a faranti na fita wurin ajiye motoci. Rana ta yi sanyi amma ba ta faɗi ba. Na same shi zaune cikin tasinsa, hula a kan cinya, idanu jajur. Na buɗe ɗaya ƙofar na zauna na miƙa masa farantin. Ya karɓa bai dube ni ba.

"Wannan kiɗan naku ba shi da ƙarshe ne?"

"Yana da shi, Yaya. Kai yake jira."

Ya girgiza kai. Ya ce yana zaune yana ta cewa a ransa bari kiɗan ya ƙare a wuce wurin kowa ya huta, kiɗa ya ƙi ƙarewa. Ya ce da kiɗan ya tsaya tun da wuri da shi bai tashi ba. "Sai na ga ta ɗaga ƙafa ita kaɗai," in ji shi. Ya ci loma biyu, ya share ido da bakin riga, ya ce in koma ciki in ga ko ɗiyata ta samu ta ci wani abu. Har ya koma "ɗiyarki," ko sa'a ba a yi ba. Na yi dariya na fita na bar shi.

Bidiyon kuwa ya je Maraɗi kamar yadda ya ji tsoro. An yi surutu, wasu sun ce Amurka ta lalata shi. Amma an ba ni labari cewa wata tsohuwar gwaggonmu, wadda ta fi kowa tsanani, ita ce ke sa a mayar mata da wurin da ya miƙe, tana kallo tana sharar ƙwalla tana cewa bai kyauta ba. Ni kuma abin da ya fi yawo a kaina shi ne gudun da na yi babu takalmi, har yau ana tsokanata da shi.

Ban sake jin ya kira sunanta ba daga ranar. Yanzu tana da nata 'ya'yan, tana kiran sunan ɗanta na fari har kunnenmu ya gaji. Duk Juma'a takan kira babanta a waya, ya ce "ke, kuna lafiya," su yi hirar mota da ta kuɓewa. Na taɓa tambayarta ko abin yana damunta. Ta ce ko kaɗan, ta ji sau ɗaya da kunnenta, a gaban kowa, kuma ta san abin da ya ci masa kafin ya faɗa.

Abin da ranar nan ta koya mini, kunyarmu abu ce mai kyau, amma yaron da ya tashi inda ba a san ta ba yana buƙatar ya ji da kunnensa ko sau ɗaya ne, kafin ya yi nisa. Kuma akwai mutanen da sonsu yake da nauyin ƙafa irin yayana. In kana da irinsu a gidanka, kada ka yi saurin rufe musu ƙofa don ba su taso a lokacin da ka tsara ba. Ka ƙara musu lokaci, ko da ka gaji da tsayuwa. Ni dai na tsaya babu takalmi na gani, namu ya taso.